Akwatin Hoton Silvanus Kumai

Ni ce magatakardar zumuntar mata a cocinmu na Kafanchan a shekarar 1993, shi ya sa duk wanda ya tambaye ni labarin Silvanus Kumai da bikinmu nake farawa, ko da yake ba ranar ya soma sa mutane ciwon kai ba.

Mutumin Madakiya ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a reluwe yana gyaran fitilun sigina, da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, yana gyaran rediyo yana ɗaukar hoton fasfo. Ba ya shan giya, ba ya fashin sujada, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Cutarsa ɗaya ce: tsofaffin mujallun kimiyya da yake kwasowa wurin Romanus mai kanti, waɗanda aka tanada don ƙunshe kaya. Duk abin da ya karanta sai ya gwada, kuma da kayan matarsa Catherine yake gwajin. Ya taɓa cire madubin ɗakinta wai zai dafa shinkafa da hasken rana. Tun safe har yamma ruwan bai tafasa ba, yara suka jiƙa gari suka sha.

Da zumuntarmu za ta cika shekara ashirin da biyar, muka yanke a ba shi aikin hoto, tunda mijin 'yar'uwa ne. Catherine ta ɗaga hannu a taro ta ce, "Ni dai ina roƙonku, ku nemi wani." Muka yi dariya, mun ɗauka kara take yi.

Ranar biki muka jeru a gaban coci, mu arba'in da uku, zane iri ɗaya, masu kaɗa tulu da kacau-kacau a sahun gaba. Mama Lucy, wadda ta girme mu duka, tana kan kujera a tsakiya. Silvanus ya iso da kyamara a ɗaure kan wani katako mai zane-zane.

Ya ce, "Sau biyu zan ɗauka. In na ɗauki na farko zan matsar da kyamara kamar faɗin yatsa uku. Kafin na biyu kada wadda ta motsa."

Aka ɗauki na farko, Mama Lucy ta yi atishawa. Aka sake, goyon wata ya tsala kuka. Aka sake, akuya ta ratsa ta gabanmu. Rana ta take, hoda ta narke a fuskokinmu, abincin baƙi yana hucewa a cikin kuloli.

Mama Lucy ta ce, "Baban Roseline, hoto kake ɗauka ko azumi ka sa mu?"

"Saura kaɗan, Mama."

Sau shida muka yi.

Bayan mako biyu ya zo taronmu rungume da akwatin katako mai huji biyu. Na ce, "Ina hoton da za mu rataya a bango?"

Ya ce, "Maman Azariya, hoton bango ai rabin hoto ne. Ido biyu Ubangiji ya ba ki, kowanne da abin da yake gani, ƙwaƙwalwa ce take haɗa su. Leƙa nan."

Na leƙa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya yi. Ƙananan hotuna biyu ne a ciki gefe da gefe, amma da na sa ido sai suka zama ɗaya. Ga tulu ya turo ciki kamar in taɓa, ga bishiyar mangwaro can baya da nisa. Sai na nemo kaina a sahu na biyu, na tarar hannuna uku, domin na kori ƙuda tsakanin ɗauka da ɗauka. Adaku, matar wani direban jirgin ƙasa, ta leƙa bayana ta ja da baya.

"Wannan ba ni ba ne! Kai ɗaya Allah ya ba ni, ka sa mini biyu. In maigida ya gani zai ce na shiga maita."

Mutum ɗaya ne yake iya kallo a lokaci guda. Mata arba'in da uku a layi, kowacce sai ta nemo kanta, ta nemo ƙawarta, ta yi gardama. Ranar ko nazarin Littafi Mai Tsarki ba mu yi ba.

Ran Lahadi Catherine ce da karatun nassi. Ta tsaya a gaban jama'a, ta buɗe gidan tabarau, ta ɗora a hanci, sai ga firam babu gilasai. Ashe su ne a hujin akwatin. Ta miƙe hannu da Littafin iya tsawonsa, ta kasa, sai ni na tashi na karanta mata. Shi kuwa yana zaune cikin maza yana kallon rufi.

Muka roƙe shi ya wanke mana ɗaya babba, ya ƙi. Fasto ya sa baki, ya yi wa Fasto bayanin ƙwaƙwalwa har Fasto ya tuna yana da ziyara. A ƙarshe Catherine ta jira ya tafi gona Madakiya, ta ɗauke fim ɗin, ta ba Romanus ya wanko a Jos. Da Silvanus ya ga hoton a bangon coci, ya girgiza kai ya ce, "Kun kashe shi." Kwana goma ba ya amsa gaisuwata.

Da damina ta zagayo Mama Lucy ta rasu. Ɗanta Nicholas ya zo daga Kauru, bayan jana'iza wani ya ba shi labarin akwatin, na raka shi gidan Silvanus. Ya zauna a tsakar gida ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba. Can na ga kafaɗunsa suna rawa, ya miƙa hannu gaba yana lalube a iska, ya ce, "Mama."

Ni kaina na share ido da bakin zane, har na ji zuciyata ta sauko a kan mutumin nan. Sai kawai Silvanus ya gyara murya, ya matso da kujera.

"Ka ga, abin da yake faruwa shi ne, idonka na hagu..."

Catherine ta kama shi ta wuyan riga ta fitar da shi waje.

A 1998, da muka cika shekara talatin, ni da kaina na ɗauko mai hoto daga wata unguwa, ban faɗa wa kowa ba sai da safen ranar. Muna cikin jeruwa sai ga Silvanus ya ɓullo ta bayan coci da kyamara biyu ɗaure da robar tayar keke, yana murmushi, yana cewa wannan karon a tare za su ɗauka, kowa na iya motsi son ransa.