Safa Ƙafa Ɗaya

Jiya ina neman allura a kwandon saƙar marigayiya Gwaggo, yayar babana, sai na ci karo da safa ƙafa ɗaya, ruwan toka. Har yanzu ulun yana ƙanshin turaren wutar ɗakinta.

Gwaggo ba ta fara ƙafa ta biyu sai mai safa ya zo ya gwada ta farko. Zuwana na ƙarshe Dandin Mahe, ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta auna da zare, hannunta da ɗumi.

Na ce, "Gwaggo, ki gama duka ki aiko mini Bodinga mana."

Ta ce, "Ba ni aikowa, ɗiyata. Ke dai taho ki gwada."

Sau uku tana aiko saƙo cewa ƙafa ɗaya ta kammala, ni kuwa kullum sai mako mai zuwa. Ban je ba sai ranar jana'izarta.

Na zura safar jiya, ta zauna mini cif. Ashe ba gwaji take nema ba, ganina take so.

Allah Ya jiƙanki Gwaggo, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kin yafe mini jiran da na sa ki.