Baba Ma'azu, Wanda Ya Hango Rufe Iyaka a Rumfar Katifa

Ƙarfe bakwai ya kamata a buɗe siton ƙungiyar manoman rani ta garinmu, nan kusa da Zagga. Shekara ashirin da bakwai Baba Ma'azu yana riƙe da makullin, kuma ban san ranar da ya buɗe kafin takwas da rabi ba. Daga masallaci sai tasha. Ya zauna a bencin mai shayi cikin direbobin manyan motoci, ya yi ta tambaya kamar mai binciken aure: wa ya fito daga Kwatano, kwana nawa ya yi a ƙofar iyaka, shinge nawa ya tarar, me ya fara wuya a kasuwa. Sai ya gama jin duniya sannan ya tuna da mu.

Ran Asabar zai ajiye aiki, gari ya ɗauki shiri, har an sayi bijimin da za a yanka. Ni dai na kasa jiran Asabar. Ina da abin faɗa a kan mutumin nan, kuma ba duka ne zai fito da ni da kyau ba.

Gida sama da ɗari uku ne ke cin abinci daga fadamarmu, kowa da injin ban ruwansa. Shinkafar rani kuwa ba ta san haƙuri ba, kwana huɗu babu ruwa ta tafi. Kayan gyaran injin, su tiyo da zobe da fulogi da roba, sun fi araha ta wajen Benin. Amma Baba Ma'azu bai taɓa saye a hannu ɗaya ba. Rabi daga can, saura ya raba tsakanin wani dila a Jega da wani a Kano, ko da sun fi tsada. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Wanda kab bari shekara ukku ba ka sai komi gare shi ba, ranar da kaz zaka da kuka bai san ka ba."

Sai ga ni an ɗauke ni sakatare, da takardar makaranta da kwamfuta a jaka. Na kawo manhajar da ke duba abin da ya fita daga sito, ta faɗi abin da za a sayo, da lokacin, da wurin wa. Ta ce a daina wahala, dila ɗaya ya isa, na Benin, kuma a jira Nuwamba. Kwamiti ya tafa mini. Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Wata ranar kasuwar Lolo ta bakin iyakar Benin, cikin Agusta, Baba ya dawo da la'asar ya same ni a ofis.

"Sakatare, a ba ni mota gobe. Kayan rani za ni ɗaukowa."

"Baba, a tsakiyar damina? Manhaja ta ce Nuwamba."

"Ita ta tai Lolo yau?" Ya ja kujera. "Zayyanu mai katihwa ba shi da ko guda. Baƙin ma'aikata masu kaki sunka kwashe, hadda tukwane da bokitai. Wanda yaz zaka kwana biyu tabarma shika aro, ɗana. In ka ga ya sai tukunya, zama yaz zaka yi. Ruhe ƙohwa za a yi, kuma ba na mako guda ba."

Dariya na yi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To ni ko rimin ban hau ba, kwamfuta na hau.

Shugabanmu Alhaji Bunyaminu ya hana motar ƙungiya. Baba ya samo ta haya. Sayen kayan shekara dama a hannunsa yake, lokaci kawai muka ƙayyade masa. Ya bi ta ƙofar iyaka da takardunsa, ya biya kuɗin fito, ya yi sahu biyu, ya cika sito har bakin ƙofa. Kwamiti ya zauna ya dakatar da shi. Ni na buga takardar, ni na zaɓi kalmomin: ƙin bin tsari da ɗaukar jita-jitar kasuwa. Ni kuma na kai masa. Ya karanta, ya miƙo mini makulli, ya ce, "A aza tiyon ga bisa katako, ƙasa na da laima." Abin da ya ce ke nan duka.

Kwana goma sha ɗaya tsakani aka rufe iyaka.

Rani ya zo. Wanda ya bi bakin kogi a shekarar zai ba ka labari. Garuruwa da yawa injinansu sun yi shiru, mutum ya rasa robar da ba ta kai murfin kwalba ba, gonarsa ta ƙone yana kallo. Mu kuwa tun hantsi fadama ta ɗauki ƙara, ruwa na gudu a kowace magudana, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Wallahi har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni. Mutanen Lafagu suka zo neman zobe, aka ba su. Da rufewar ta zarce shekara kaya suka ƙare, kowa ya ruga Jega da Kano, dilolin suka ce babu. Baba ya kira, suka ce nasa yana ajiye.

Ta yaya ya dawo aiki? Alhaji Bunyaminu ne ya je gidansa da makulli, ya ce, "Malam Ma'azu, mun kasa gane inda kaɓ ɓoye fulogi." Shi ke nan. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, ba wanda ya rubuta komai. Takardar dakatarwa tana nan cikin fayil ɗinsa, da sa hannuna a ƙasa.

Baba, kai ne kunnen garin nan. Kai ne ka san cewa in manya suka saɓa a Abuja ko Kwatano ko Yamai, a gonar talaka abin yake sauka. Da rikicin maƙwabta ya sake tashi, motoci suka yi layin kwana da kwanaki, ko gezau ba mu yi ba, don ka riga ka buɗe mana hanya uku. Kuma ba ka rama ba. Na zaci za ka sa a jefar da manhajata, sai ka ce, "Bar ta, ta iya lissahi. Ƙahwa ta ba ta da. Ka riƙa kai mata labari." Yanzu haka muke yi, ita ta ƙirga, mu mu je kasuwa.

Duk wanda aka ba amanar kayan jama'a, magani ne ko taki ko iri, ya koyi wannan. Kada arha ta sa ka rataye gari a kan hanya ɗaya. Ka san mutane tun ba ka bukatarsu. In tsoho a wurin aikinka ya zo da maganar da ba ta cikin na'ura, ka ba shi kujera kafin ka yi dariya.

Mun gode, Baba Ma'azu. Allah Ya saka maka, Ya sa hutun nan ya zama mai albarka. Saura abu ɗaya, kuma nawa ne ni kaɗai. Ba za ka bar aiki da sunan wanda aka dakatar ba. A ɓoye na kai maka takardar nan, a gaban jama'a nake janye ta. Ni Muzammilu na rubuta ta, kuma ni ne ban bi tsari ba. Ka yafe mini.