Baturan Baba a Ƙasan Jere

A shekarun da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, duk wanda ya iya riƙe biro sai ya ga zaman aji ɓata lokaci ne. Kawuna ya sami kwangilar hanya wajen Faskari, ya sayi mota, yana neman akawu. Ni kuwa ina jami'a ina koyon rubuta wa kwamfuta umarni, abin da a garinmu Daudawa ba wanda ya taɓa gani ko a mafarki.

Da na zo hutu, Baba ya kira ni bayan la'asar. Manomin auduga ne, ba ya sayen abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ga shi kwana biyu yana cike da haushi, don baturan rediyonsa sun yi ɓatan dabo, sai ranar kasuwar 'Yankara zai samo wasu.

Ya ce, "Mi kake koyo can? Hwaɗa mani yadda zan gane. In ban gane ba, gobe ka bi kawunka."

Ni kuwa ina son karatun nan kamar raina. A zangon nan an koya mana abin da ake kira sitak, wato ma'ajiyar da ake ɗora abu kan abu, a kuma ɗauka daga sama kawai. Da can sai mu rubuta ɗaya don lambobi, wata don kalmomi. Sai malaminmu ya nuna mana yadda ake ƙera guda tak, in ka tashi aiki da ita ka faɗa mata irin kayan da za ta riƙe. To, yaya zan kai wannan kunnen Baba?

Ina ta raba ido sai na hango jeren Inna ta ƙofar ɗaki. Matan garinmu a lokacin gasar jeren kwano suke yi, samira kan samira har kusa da rufi, kuma ba mai taɓawa sai mai ɗaki. Na roƙi izini. Inna ta harare ni, ba ta dai hana ba.

Na ce, "Baba, dubi jeren nan. Ba a sa kwano sai a bisa, ba a ɗauka sai daga bisa. Wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita. Kuma dokar ba ruwanta da kaya. Ko kwanuka ka jera, ko buhunan auduga, tsarin ɗaya ne, sai dai ka faɗa tun farko wanne za ka jera, kar ka cakuɗa."

Ya ce, "To na ƙasa fa?"

Na ce, "Sai an sauke kowa."

Daɗin baki ya kwashe ni, na shiga saukewa ɗaya bayan ɗaya ina zuba bayani kamar mai wa'azi. Inna na tsaye riƙe da ludayi tana kallona. Na iso kan fantekar ƙarshe, na ɗaga murfi don in nuna masa ba komai a ciki. Sai ga baturan Baba kwance, an naɗe su da tsumma.

Ashe rediyon ne ya ishi Inna, tun asuba yana kururuwa a tsakar gida.

Baba ya dubi batura, ya dubi Inna, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wanda anka hwara sawa shi ka hita ƙarshe! Na gane sarai. Karatun da ya tono mani wannan ba na banza ba ne. Koma makarantarka."

Murna kamar in yi tsalle, amma kunyar Inna ta kama ni. Muna mayar da jeren, rediyo na ta sheƙa kiɗa a waje, na ce ta yafe mini, ban sani ba.

Ta karɓi kwano daga hannuna ta goge shi da gefen zane. Ta ce, "Ni ai na sani. Tun kana tsakiya na so in ce ka bari haka nan. Sai na duba, na ga ƙarar rediyo ta hi mani sauƙi da in gan ka bayan motar kawunka."