A-kori-kurar Malam Isufu a Bakin Bahar Maliya

Tun kafin a kira assalatu na tashi, ni da ko ranar aiki sai an yi da gaske nake rabuwa da katifa. Asabar ce, ranar da zan fara shiga teku a rayuwata. Ni mutumin Malumfashi ne, ruwan da na sani bai wuce na dam da kududdufin bayan gari ba. Ga shi na daɗe ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Jidda, kullum ina hango Bahar Maliya ta gilashin mota, ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Maiɗakina ta leƙo ta gan ni da hular rana da baƙin tabarau cikin duhun asuba, ta ce, "Abban Hanifa, teku dai ba guduwa zai yi ba." Na ce ta yi mana addu'a, ta kuma tanadi man suya, don kifi zan kawo.

Daga Safa zuwa Ruwais

Ina idar da salla na tari motar haya daga unguwarmu ta Safa zuwa Ruwais, inda jirgin ruwan da za mu shiga yake. Jirgin na abokin aikina ne, Abdul'aziz, wanda kowa ke kira Azuz. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja zuwa aikin Hajji bai koma ba, don haka Azuz ɗan ƙasa ne, Hausarsa kuwa rabi da rabi ce da Larabci. Na same shi a ƙofar gida yana yaye tamfol daga kan jirgin. Fari ne sol, mai inji a baya, yana zaune a kan tirelarsa, wato wani amalanken ƙarfe mai tayoyi da ake maƙala wa mota. Na zagaya shi ina shafawa kamar wanda ya zo sayen sa.

Babbar motar Azuz da ke jan jirgin tana gareji, har ya ce mu ɗage tafiyar. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni haƙuri, na ce ai akwai Malam Isufu. Dattijo ne mutumin Tawa ta Nijar, yana zaune a unguwar Sa'alaba, shi ya kwashe mini kaya lokacin da na tare a Safa. Farar a-kori-kura gare shi, da ita yake ci da iyalinsa na nan da na gida. Motar da sunan kafilinsa take, mutumin da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ke hannunsa, kuma an ba shi ita ne don dakon kaya a cikin gari. Da na kira shi ya ce, "Likita, ni hwa ban taɓa jan jirgi ba." Na ce motar da ta ɗauki firij da gado da kujeruna a tashi ɗaya, wane jirgi ne zai gagare ta? Na yi ta zuba masa har ya yarda.

Da ya iso, Azuz ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago yana sosa ƙeya.

"Ya Duktur, wannan tayoyin baya kaɗai ke ja, sah?"

"Mota dai mota ce," in ji ni.

"Khalas. Yalla, Allah karim."

Hanyar Obhur

Muka maƙala tirela muka miƙi hanyar arewa zuwa Obhur, inda wani hannun teku ya shigo cikin ƙasa. Mu uku a gaba, ni a tsakiya, giya tana bugun gwiwata. Malam Isufu yana tuƙi a hankali, idonsa rabi a titi rabi a madubi. "Abin nan shina bina kamar saniya," ya ce, karo na farko da ya yi murmushi. Muka tsaya a wani ɗan shago muka sayi burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful da shayin madara, muka ci a tsaye, burodin yana ƙona mana yatsu.

A bakin ruwa akwai shingen masu tsaron gaɓar teku. Jami'in ya karɓi takardun jirgi da iƙamominmu ni da Malam Isufu, ya ƙirga rigunan ceto, ya dube ni ya tambayi Azuz ko na iya iyo. Azuz ya ce a'a. Ya nuna Malam Isufu, Azuz ya sake cewa a'a. Jami'in ya yi dariya ya ce to kada mu cire rigunan ko da za mu yi salla.

Wurin sauke jirage wani gangaren siminti ne mai faɗi da ya nutse cikin ruwa. Malam Isufu ya yi baya da tirela sau biyu tana karkacewa, a na uku ta tafi sak. Jirgi ya sulale ya hau ruwa, mota ta haye da tirela babu kaya, ba ko tangarɗa. Na dubi Azuz ina washe baki na ce, "Ka gani ko?" Shi kuwa ya ci gaba da kwance igiya.

A cikin teku

Abin da na gani a ranar ba zan iya ba ku shi duka ba. Azuz ya murza inji, hancin jirgi ya ɗaga, gari ya koma baya, dogayen benaye suka zama kamar ashana. Ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi, a wasu wuraren kana hango duwatsun ƙasa masu launi da ƙananan kifaye suna kai da komo. Na yi ta ihu ina dariya, ban san lokacin da iska ta tafi da hular ranata ba. Malam Isufu ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, bakinsa yana motsi da salati, amma fuskarsa kamar ta yaro ranar salla.

Da muka tsaya kamun kifi, shi ya fara kamawa. Wani ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, Azuz ya ce sunansa najil, kuma masu kuɗi ke cin sa. Malam Isufu ya ɗaga shi sama ya ce in ɗauke shi hoto a aika Tawa, don in ya faɗa da baki ba mai yarda. Ni kuwa na kama biyu ƙanana da igiyar Azuz sau ɗaya. Muka yi azahar a zaune, jirgi yana lilo da mu.

Can bayan azahar iska ta taso daga arewa, ruwa ya fara fari-fari a sama. Azuz ya ce mu koma tun kafin ta yi ƙarfi.

A kan gangare

Mun tarar da layi, kowa ya gudo daga iskar. Da namu ya zo, Malam Isufu ya sauka ya ɗauko mota ya yi baya da tirela. Azuz daga cikin jirgi yana yi masa alama da hannu, ƙara, ƙara, domin igiyar ruwa tana ture jirgin gefe, sai tirelar ta nutse sosai zai hau daidai. Ni aka sa na shiga ruwa har ƙugu, na maƙala ƙugiya a hancin jirgi, na kama hannun na'urar naɗe igiya ina juyawa. Jirgi ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan har hancinsa ya daki robar gaba. Na ɗaure sarƙa, na ɗaga hannu cikin alfahari na ce a ja.

Malam Isufu ya taka mai. Tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suna feso ruwa, motar ba ta matsa ba. Sai a lokacin na lura da inda suke tsaye. Simintin da ruwa ke taɓawa duk gansakuka ce kore, mai santsi kamar kuɓewa. Ya sake takawa, tayoyi suka yi ƙara, motar ta zame baya, jirgi da tirela suna janta. Ya danne birki ta tsaya, ruwa yana lasar ƙarfen baya.

Na taka da kyar na isa tagarsa. Gumi ya jiƙe masa riga.

"Ka ja birkin hannu ka huta," na ce.

"Birkin hannu tayun baya ɗai shika riƙewa, Likita, su kuwa bisa santsi suke. Ƙahwata ce ke riƙe da mu. In na ɗaga, mun tahi."

Na dubi ƙafarsa a kan birki. Motar nan in ta shiga teku, ba mota kaɗai ta tafi ba, har da aikinsa da zamansa a ƙasar, kuma ni na kawo shi nan da surutuna. Azuz ya yi ƙoƙarin kwance jirgin don a rage nauyi, amma sarƙar ta ɗaure tamau saboda jan da ake yi mata. Wani mai babbar mota ya ruga neman igiyar ja, sai dai motarsa tana can ƙarshen layi. Wata igiyar ruwa ta zo ta ɗaga tirelar, motar ta ƙara zamewa, bututun hayaƙi ya fara ɓulɓul a cikin ruwa.

"Ya ammi, inzil, fito!" in ji Azuz. "Mota tana da badil, a sayi wata, kai ba ka da shi."

Malam Isufu bai ko dube shi ba. Ni ya kalla ya ce, "Bayanta wayam yake, shi ya sa ba ta kama ƙasa. A cika min ita da mutane, awa motar kasuwa."

Ban san da wane harshe zan yi magana ba, sai na ji bakina ya buɗe da Hausa. "Jama'a, don Allah a taimaka, a hau baya!" Wallahi ban zaci akwai mai ji na ba. Sai ga wasu mutum uku masu gyaran kifi a gefen gangaren sun yar da wuƙaƙe sun taho a guje, ɗaya yana cewa, "Subhanallahi, namu ne." Ashe 'yan Chadi ne. Suka ɗare bayan motar. Da sauran mutane suka gane abin da ake yi, sai kowa ya biyo: wani Basudane dogo, wasu 'yan Filifin biyu da sandunan kamun kifinsu, da wani Balarabe mai ƙiba wanda ya tattare farar rigarsa ya ce a ba shi hannu. Sai da mu biyu muka jawo shi. Ni na hau ƙarshe, na zauna a kan ƙafar wani. Bayan motar ya yi ƙasa.

Malam Isufu ya leƙo ya ce mu matsa kan tayoyi. Muka matsa muka cunkushe. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya saki birki a hankali. Motar ta yi baya kaɗan har na rufe ido. Tayoyi suka juya, suka yi gurnani, sai na ji wani gir a ƙarƙashinmu, sun kama siminti. Muka fara hawa kamar ana jan rijiya, jirgi yana fitowa a bayanmu ruwa yana zuba daga jikinsa. Da muka kai busasshen wuri, bayan motar ya kaure da kabbara da tafi, Balaraben nan ya rungume ɗan Chadi har ƙamshin turarensa ya gauraya da ƙarnin kifi. Ni dariya nake yi, hawaye yana zubo mini.

Malam Isufu bai fito ba. Na same shi ya kifa goshi a kan sitiyari. Da ya buɗe ƙofa ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa, sai da ya dafa kafaɗata.

Komawa gida

Muka rarraba wa masu gyaran kifi abin da muka kama, ban da najil ɗin Malam Isufu, suka ƙi karɓa sai da muka haɗa su da Allah. Muka ajiye jirgi a Ruwais, na ce ba zan wuce Safa ba sai na raka shi Sa'alaba. Azuz ya gargaɗe mu cewa gishirin teku yana cin ƙarfe, kuma ba a sanin ɓarnar da ruwa ya yi sai mota ta kwana. A ƙofar gidan Malam Isufu muka jawo tiyo, na kwanta a ƙasa ina wanke ƙarƙashin motar har magariba. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Likita, ni ma na so ganin tekun. Amma gobe da sahe ina da kayan wani, mu ga in ta tashi."

Na isa gida bayan isha'i, jiƙe, hannu biyu babu komai. Maiɗakina ta dube ni ta mayar da kaskon suya inda yake. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa mutanen nan da suka hau bayan motar wanda ba su sani ba, waɗanda ko sunan ɗayansu ban tambaya ba. Barci dai ban yi na kirki ba.

Da asuba ina fitowa daga masallaci na kira Malam Isufu. Ya ɗauka bai ko amsa sallamata ba. Na ji ƙarar buɗe ƙofa, na ji makulli ya juya, injin ya yi tari sau ɗaya ya kama. Ya bar wayar a kusa da shi yana ta ruri a kunnena, ni kuma ina tsaye a bakin titi na ƙi kashewa.