Ingilishin Malam Sabi'u

Malam Sabi'u ɗan Tsarnawa ne, kuma tarihi ya karanta. Ranar da ya isa kwalejin ƙauyen da aka tura shi, can bayan Tajaye, darakta ya ce tarihi da mai shi, Ingilishi ne babu kowa. Wanda ya zo neman abinci ba ya zaɓen tukunya. Ya karɓi littafi da alli, ya ce to.

Shekara tara yana koyar da harshen da bai taɓa yin hirar minti biyar da shi ba. Rubutu kam ya iya, allonsa tsaf kamar na buro, wato ofis. Karatu a baki ne masifar: yadda Faransanci ya nuna masa haka yake furtawa, yara saba'in su amsa da murya ɗaya. Wa zai kama shi? A gari ana nuna shi da baki, ga mai yaren Nijeriya, har takardar magani ake kawo masa. Girman ya yi masa daɗi, kuma kullum yana tsoron ranar da asiri zai tonu.

Ranar ta zo sanye da hijabi ruwan toka. Yasmin sunanta, a Jos aka haife ta, ubanta ya gaji da zaman ci-rani ya kwaso iyali ya dawo gida. Da ta gaishe shi da Ingilishi, sumul kamar rediyo, sai allin ya karye a hannunsa.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. In ya buɗe baki zai karanta labari, fuskarta yake kallo. Ta yi tari, ya ji dariya ce. Ta sunkuya wajen ƙawarta, ya ce shi ke nan, gobe zance na kasuwa, jibi na wajen darakta. Ya mayar da ita benci na ƙarshe. Ta ɗaga hannu, ya kau da kai. Ta sake ɗagawa, ya kira wani. Babban mutum mai 'ya'ya huɗu, yana zufa saboda 'yar shekara goma sha biyar! Kafin sanyi ya wuce ta daina ɗaga hannun, shi kuwa ya samu sauƙi.

Ana saura mako biyu jarrabawar fita kwaleji, darakta ya ce kowane ɗalibi ya gwada karatu a baki, don baƙin malamai ne za su saurare su a Illela. Babu mafita. Malam Sabi'u ya kira sunanta, ya dafe tebur yana jiran hukunci.

Ta miƙe ta karanta. Muryarsa ya ji. Kowace kalma ta karya ta daidai inda yake karyawa, a hankali, da ƙoƙari, kamar mai taka ƙaya.

Da aka tashi ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ke, ina wancan Ingilishi naki na da?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ai na gane nawa na titi ne, shi ya sa ba ka kirana. Wata biyar ina biye da bakinka. Yanzu na gyara, ko da saura?"

Ya juya ya dubi allonsa. Ita kuwa tana tsaye rungume da littafi, tana jira ya ce ta ci.