Agogon da Aka Kwashe wa Kayan Ciki

Shekara arba'in Baba Mai Agogo yana tara tsofaffin agogunan bango, irin masu nuna lokaci da kwanan wata. Tun yana aiki a gidan waya ya fara. Yanzu ashirin da uku ne a ɗakinsa, ko wurin rataye hula babu. Kowace Asabar sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli yana murɗawa.

Da hannunsa ya fara rawa, abu ɗaya ya dame shi: wa zai riƙe su bayan ransa? Ɗansa ɗaya ne tilo, babban ma'aikaci mai son kayan yayi. Sai ya gwada shi, ya ba shi mafi kyau a cikinsu, na baƙin katako, wanda ya girmi kakan yaron.

Bayan wata biyu ya kai ziyara. Ga agogon a falo, an shafe shi da wani fenti mai ƙyalli kamar an tsoma shi a mai. Tun daga ƙofa kunnensa ya gaya masa akwai matsala, don wani siririn ƙis-ƙis yake ji. Ya buɗe murfin. Wayam! Wata 'yar roba ce da batir a ciki. Hannun kwanan wata kuwa an manne shi da gam, har gam ɗin ya dalalo kamar majina. Ya juya wajen ɗansa.

"Ina kayan cikinsa?"

"Haba Baba, wa ke da lokacin murɗa makulli yanzu? Suna sito," in ji ɗan.

Can ya same su cikin leda, ƙarƙashin buhun albasar da ta ruɓe. Ruwanta ya tsiyaye cikin haƙoran tagullar agogon, kyankyasai suka watse da ya ɗaga. Warin bai dame shi ba kamar yadda yaron ke tsaye yana murmushi. Tir da wannan wayewa!

Ɗan ya dafa kafaɗarsa, da zuciya ɗaya.

"Ka kawo sauran a gyara maka su haka, Baba, ka huta."

"Ba yanzu ba," ya ce.

"To, babu gaggawa. Ai suna nan."

Tsohon ya rungume ledar, ruwan albasa na ɗiga a rigarsa. Ya san gaskiyar yaron ce, jira kawai ɗan zai yi, duk su zama nasa.