Ranar da Aka Sa wa Baba Igiya a Wuya

Tsufa ya goge mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan ƙuruciyata sai an tuna mini. Amma ranar da aka yi wasan yaƙi a gonarmu ba za ta bar kaina ba har a kai ni kushewa.

Ƙauyenmu yana arewa da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona. A gabashin gari akwai wani kwari mai manyan kukoki da muke kira Fagen Fama. Tsofaffi sun ce a nan aka gwabza yaƙi tun kafin zuwan Turawa, tsakanin mutanen garin da wasu mahara daga arewa. Mutanen gari suka yi nasara, suka kame waɗanda suka rage da rai. Waɗanda aka kaman nan su ne kakannin unguwarmu. Kowa ya san haka, amma ba mai faɗa. An yi auratayya, ana sahu ɗaya a masallaci, kuma mahaifina ne ladanin gari. Gonarmu ta gado tana tsakiyar kwarin.

Abin ya faru ne a shekarun nan na fari da tsada, lokacin da mutanen birni ke bin layin sabulu da madara, mu kuma a ƙauye muke cin tafasa da rama ba ƙuli. Damina biyu a jere ba mu ɗaure abin kirki ba. A ta uku ruwa ya dawo, geronmu ya yi kyau har ya fara ciki, amma rumbu babu ko zangarniya. Ina da sabon aure a lokacin, matata kuma da juna biyu. Duk wanda ya yi noma ya san babu yunwar da ta kai ta tsakiyar damina, kana kallon abinci a gona ba ka isa ka ci ba.

Wani Alhaji ɗan garinmu da ya yi arziki a birni ya gina masaukin baƙi a bakin titi, kusa da kwarin. Idan an yi dogon hutu, manajan masaukin yakan kawo ɗalibai da malamansu, wani lokaci har da Turawa, a zaga da su ƙarƙashin kukoki ana ba su labarin yaƙin. Ba su dame mu ba, muna noma suna wucewa. A wannan shekarar ne manajan ya zo majalisar ƙofar masallaci ya ce za a yi abin da ya fi zagaye. Za a kwaikwayi yaƙin kansa a gaban manyan baƙi, kuma duk magidancin da ya shiga za a auna masa masara.

Ya ce wa mahaifina, "Baba Ladan, gefen gonarka kawai za mu taɓa. Ko ganye ɗaya ba zai karye ba."

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Da muka koma gida na ce masa raina bai kwanta ba. Ya dubi ɗakin matata, ya ce, "Yarinyar nan jiya da ruwan kanwa ta kwana. Ka bar ni in je." Na ce to tare za mu je.

Ranar wasan da hantsi aka tara mu a bayan masaukin aka fara rabon kaya. Ban lura da abin da ake yi ba sai da aka gama. Mutanen cikin gari aka ba riguna masu layu da takubban katako. Mu 'yan unguwarmu aka ce mu tuɓe riguna, aka shafa mana toka da baƙin tukunya. Ba mutum ɗaya da aka sa a ɓangaren da ba na kakanninsa ba. Muka dubi juna, kowa ya kawar da kai. Da a ce a ƙoshe muke, na tabbata a nan za mu watse. Amma ga buhunan masara can a jingine da bango, inda kowa zai gan su.

Baƙi sun cika rumfa, motoci sun yi layi har kan titi. Aka buga ganga, muka ruga da gudu muna ihu kamar yadda aka koya mana. Ni an ce in faɗi da wuri, don haka na kwanta a kunyar gero na zama gawa. Daga nan ƙasa na ga sauran abin.

Da aka gama faɗan, aka jero tsofaffinmu a matsayin kamammu, Baba a gaba. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ga shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, haƙarƙarinsa duk a waje, farin gemunsa ya rine da baƙin tukunya. Aka zarga masa igiyar rama a wuya. Wanda aka ba ya riƙe igiyar kuwa amininsa ne, wani tsohon tela da suka yi karatun allo tare, wanda kullum da la'asar suke zama a kan buzu ɗaya.

Sai manajan ya ɗauki lasifika. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Turanci: "Jama'a, ku duba da kyau. Waɗannan ba 'yan wasa ba ne kawai. Jikokin bayin da aka kama a wannan fili ne na ainihi!"

Aka yi tafi. Wallahi tafi aka yi. Baƙi suka taso daga rumfa kamar an kore su, kowa da abin ɗaukar hoto, suka kutsa cikin gona don su matso kusa. Ina jin karan gero yana karyewa a gefen kunnena, ƙas, ƙas, ƙas. Wata ɗaliba ta taka mini hannu ba ta ma sani ba. Wani mai tabarau ya ce wa Baba, "Tsoho, ɗan sunkuyar da kai, hoton zai fi kyau." Baba ya sunkuyar.

Na miƙe zan yi kansu. Baba ya ɗago ido ya dube ni, ya girgiza kai sau ɗaya. Na tsaya cak a tsakiyar gonar da ta zama fili. Telan ya saki igiyar ta faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannun rigarsa, amma ba wanda ya kula da shi.

Da yamma aka auna mana masarar. Baba ya ɗauko tasa a ka da kansa, bai yarda na karɓa ba. Mun ci, ba zan yi ƙarya ba. Matata ta ci, ta sami ƙarfin da ta haihu lafiya. Amma ban taɓa haɗiyar tuwo mai ɗaci irin wannan ba. Fiye da rabin geronmu kuwa ya kwanta, bai tashi ba. Da na je wurin manajan, cewa ya yi baƙi ne suka yi, ba shi ba.

Ranar ba a ji kiran magariba ba sai da wani ya gaji da jira ya kira. Washegari telan ya zo zaurenmu, ya durƙusa yana hawaye.

"Malam, ka yafe mini. Wallahi ban san abin da zai faɗa ba ke nan."

Baba ya ce, "Na yafe maka. Yunwar da ta kai ni ita ta kai ka. Amma da aka miƙa maka igiyar, ai ba ka tambayi dalilin da ya sa kai aka ba ba. Ka riga ka sani."

Baba bai sake kiran salla ba. Yana zuwa masallaci, ya tsaya a sahun baya, ya idar ya fita. Yara suka fara tsokanar 'yan unguwarmu da kalmar da iyayensu suka yi shekaru suna ɓoyewa. Wani aure da aka sa rana tsakanin unguwannin biyu ya lalace ba tare da an faɗi dalili ba. Kafin wata damina ta zagayo Baba ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba. Mutane sun ce ajali ne, ni ma na yarda ajali ne, amma na san ranar da ya fara mutuwa. Masaukin bai daɗe ba ya rufe, yanzu awaki ke kwana a ciki. Baƙin sun koma gidajensu da hotunansu, mu aka bari da abin da aka tono.

Abin da na koya shi ne, tarihin da wani ke zuwa kallo a lokacin hutu, a jikin wani yake da rai. Kuma idan ka ga mai mutunci ya yarda da wulaƙanci, kada ka ce ya amince, ka fara tambayar abin da aka ci a gidansa jiya. Yunwa ta wuce, rumbuna sun sake cika, amma garinmu bai koma yadda yake ba har yau.